Mai Jego da Sana'arta

Ya kai mai karatu, wannan darasi naka ne, ko da yake zancen mata ne. Kada ka ce, "Ina ruwan namiji da sha'anin jego?" Ka sani, ran da aka yi maka haihuwa kaya biyu ne ke hawa kan matarka. Ga jariri yana neman nono dare da rana, ga kuma sana'arta da ta saba, wadda ba ta so ta mutu. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Gaskiya ne, amma in an ci ɗaya, sa'an nan aka ɗauki ɗayar, duk sai su ciwu. To, abin da za ka koya a nan shi ne yadda za a jera su, wace ce gaba, wace ce baya, da kuma inda hannunka zai shiga.

1. Sana'ar mata a Ƙofar Mata

Bari mu ɗauki misali da Ƙofar Mata, ɗaya daga ƙofofin ganuwar Kano ta wajen gabas. Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Dab da ƙofar akwai karofin nan da ya shahara, wanda ake cewa an kafa shi a 1498. In baƙo ya zo, abin da zai gani shi ne maza a bakin rijiyoyin rini, suna tsoma zane cikin ruwan baba, suna fitarwa ya sha iska, suna mayarwa. Abin da ba zai gani ba shi ne aikin da aka yi kafin zanen ya iso nan. Mata ne a cikin gidaje suke ɗaure farin yadi da zare, ƙulli bayan ƙulli, domin in an rina aka kwance, ado ya fito.

Ba ɗaurin zane kaɗai ba. Shiga lungunan birni ka gani: wannan gida ana ɗinkin hula, wancan ana kitso, gaba ana tuyar ƙosai da waina, can ana yin ƙuli-ƙuli ko fura. A zamanin nan kuma ga malaman makaranta mata, ga ungozomomi da masu jiyya a Asibitin Murtala da ke nan Ƙofar Mata, ga ma'aikatan ofis, ga masu karatu a Jami'ar Bayero.

Abin da mace ta samu daga sana'arta nata ne. Da shi take zubin adashi, da shi take biki, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki, da shi kuma take rufa wa gida asiri ran da hannunka ya yi ƙasa. Saboda haka in ta haihu tsoro biyu kan kama ta: kada masu ciniki su koma wani gida, kada kuma jari ya narke. Wannan tsoro ne kan sa ta tashi tun jiki bai yi ƙwari ba, ta bar jariri a hannun wata yarinya da ruwa da koko. Daga nan ɓarna ke farawa.

2. Kwana arba'in na farko

Marini ya san abu guda. In ya zuba baba da toka da kanwa cikin rijiya, ba ya tsoma zane a ranar. Sai ya jira kwanaki har ruwan ya nuna. In ya yi gaggawa, ya yi hasarar zane, ya kuma yi hasarar ruwan. Haka jikin mai jego yake. Kakanninmu sun yanka mata kwana arba'in na hutu, likitoci kuma sun ce mahaifa kan ɗauki wajen mako 6 kafin ta koma yadda take. Mako 6 kwana 42 ke nan. Ka ga a nan al'ada da ilmin asibiti bakinsu ɗaya. A cikin kwanakin nan babu zancen sana'a. Ko tana ɗakinta, ko ta tafi wankan gida wurin iyayenta, aikinta uku ne: ta ci, ta huta, ta shayar.

A sa jariri a nono cikin sa'a ta farko bayan haihuwa. Nonon farko, mai kauri, mai ruwan ɗorawa, wanda ake kira dakashi, a da akan matse shi a zubar, wai ba shi da kyau. Ashe kuwa shi ne ya fi kowane amfani, gama yana ɗauke da abin da ke kare jariri daga cuta. Kaɗan ne, amma cikin jariri ma ƙarami ne, ya ishe shi.

Akwai al'adu biyu da ya kamata ka sa wa ido. Na ɗaya, wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙarƙashi. Na biyu, kunun kanwa mai yawa. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura masu jego da yawa na zuwa da ciwon zuciya, suka kuma ga zafin nan da kanwar nan suna da hannu a ciki, domin kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Ba a hana wanka ba, amma ruwa mai ɗumi ya isa. In ka ga ƙafafunta sun kumbura, ko tana haki, ko ba ta iya kwanciya sai tari, ko jini na zuba da yawa, ko zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani, kada ka jira gari ya waye. Kai ta asibiti.

Ka lura da zuciyarta kuma. Wata mai jego takan yi ta kuka ba dalili, ko ta kasa barci ko da jariri ya yi barci. In haka ya wuce mako 2, ciwo ne, yana kuwa da magani. Kada a ce mata raki take yi.

3. Wata shida na nono zalla

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawara a kan cewa jariri ya sha nono zalla har wata 6. Zalla fa, watau babu ruwa, babu koko, babu madarar shanu, babu jiƙo, sai dai maganin da likita ya bayar. Bayan wata 6 a fara ba shi abinci, a ci gaba da nono har shekara 2 ko fiye. Wannan ba baƙon zance ba ne gare mu, gama Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa, ya kuma ɗora wa uba ci da tufafin mai shayarwar. Duk da haka, binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna jarirai 29 ne kaɗai cikin 100, daga waɗanda ba su kai wata 6 ba, suke shan nono zalla.

Za ka ce, "Da zafin Kano na bazara a hana yaro ruwa?" To, saurara. Nonon uwa fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne, ruwa kuwa mai tsabta, wanda bai bi ta randa ko jarka ba. In ka ba jariri ruwa ka yi masa hasara uku. Ka cika masa ciki da abin da ba abinci ba. Ka buɗe wa zawo ƙofa. Ka kuma rage nonon uwar, domin nono kamar rijiya yake, yawan ja shi ke kawo ruwa. In ana zafi, uwa ce za ta yawaita shan ruwa, ta kuma yawaita ba shi nono.

Sabon jariri kan sha nono sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. Ga yadda za ka gane yana ƙoshi: yana fitsari sau 6 ko fiye a yini da kwana, nauyinsa kuma yana ƙaruwa in an auna shi a asibiti.

Sau da yawa ba matarka ce za ta ba shi ruwa ba, kakarsa ce, don tausayi. Matarka kuwa ba za ta iya musu da surukarta ba, balle in ɗan fari ne, ga kunya. Wannan magana taka ce. Ka sami mahaifiyarka ita kaɗai, ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce, "Inna, Allah ya ƙara miki lafiya. Malaman asibiti sun ce kada a ba yaron nan ruwa sai ya cika wata shida. Na ce ke zan danƙa wa amanar nan, don na san in kin hana, ba mai ba shi." Ka ga ka girmama ta, ka kuma mai da ita mai tsaro.

4. Matakan girman yaro

Uwa ba ta iya tsara sana'arta sai ta san abin da ke tafe. Ga matakan, ka riƙe su:

Kwanakin farko: nauyinsa kan ɗan ragu, ya komo cikin mako 2.
Wajen wata 2: yakan dubi fuskar uwarsa ya yi murmushi.
Wajen wata 4: wuyansa ya tsaya, yana gwalantu, yana kai hannu baki.
Wata 5 zuwa 6: nauyinsa ya ninka na haihuwa sau 2.
Wajen wata 6 ko bayansa: haƙorin farko.
Shekara 1: nauyinsa ya kai kamar sau 3 na haihuwa, yana fara kiran "baba" da "mama".

Game da zama da rarrafe da tafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi girman yara masu lafiya a ƙasashe biyar, watau Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka, ta fitar da sakamako a 2006. Zama ba tallafi: daga wajen wata 4 zuwa wata 9. Rarrafe: daga wata 5 zuwa wata 13 da rabi. Tafiya shi kaɗai: daga wata 8 zuwa kusan wata 18. Har an sami kaɗan da ba su yi rarrafe ba sam, suka miƙe kawai suka yi tafiya.

Dubi faɗin tazarar nan. Ɗan maƙwabcinka ya yi tafiya a wata 10, naka sai a wata 15, duka biyu lafiyarsu ƙalau. Kada a bari kishiya ko 'yan barka su tayar wa uwa hankali, su ce sana'arta ce ta hana yaro tafiya. Amma in ya wuce wata 9 bai zauna ba, ko ya kai wata 18 bai taka ba, ko ba ya juyowa in an yi ƙara, ko ya daina abin da ya riga ya iya, a kai shi a duba. A birni akwai asibitin yara na Hasiya Bayero.

Akan ce haƙori ke kawo zawo. Ba haka ba ne. Lokacin fitar haƙori shi ne lokacin da yaro ke kai duk abin da ya tsinta baki, ƙazantar ce ke kawo zawon. In ya kama shi, a ci gaba da nono, a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti. In maɗigarsa ta faɗa, ko idanu suka zurma, a gaggauta kai shi.

5. Komawa sana'a

Sannu ba ta hana zuwa. Komawa sana'a hawa uku ne, kamar matakala.

Hawa na ɗaya, daga haihuwa zuwa arba'in: hutu. In tana da masu ciniki, tun cikin na wata 8 a shirya wadda za ta riƙe mata su, ƙanwa ko ƙawa, a yanka abin da za a ba ta. Jarin kuwa a ɗaure shi wuri guda, kada kuɗin suna su cinye shi.

Hawa na biyu, daga arba'in zuwa wata 6: aikin zaune, wanda za a iya ajiyewa da zarar yaro ya motsa. Mai ɗaurin zane, da mai ɗinkin hula, da mai saƙa, sun yi sa'a a nan. Sai dai ta karɓi rabin aikin da ta saba, kada ta yi alkawarin ranar da ba za ta iya cikawa ba. Mai tuya kuwa ta rage, ko ta sa wata a bakin kasko, gama hayaƙin itace na cutar da ƙirjin jariri, goyo a baya kusa da tafasasshen mai kuma haɗari ne.

Hawa na uku, daga wata 6 zuwa gaba: yaro ya fara cin abinci, ana iya barinsa sa'o'i kaɗan wurin babba mai hankali. A nan ne sana'a ke komawa sosai.

Mai aikin albashi kuwa, ya kamata ka san abin da doka ta ba ta. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, sashe na 54, ta ba mace hutun mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta. In ta yi wata 6 tana aiki a wurin, za a biya ta abin da bai gaza rabin albashinta ba. In ta komo tana shayarwa, tana da rabin sa'a sau 2 kowace rana domin ba da nono. Waɗansu gwamnatoci sun ƙara a kan haka: Jihar Legas a 2014, da Jihar Kaduna a 2019, sun ba ma'aikatansu mata wata 6. A 2021 kuma gwamnatin tarayya ta yarda a ba ma'aikatanta maza kwana 14 in an yi musu haihuwa.

Yanzu yi lissafi. Wata 6 mako 26 ne. Cire mako 6 na bayan haihuwa, saura mako 20. Waɗannan mako 20 su ne ramin da ake faɗawa. Ga yadda ake tsallake shi. Ta tambayi ƙa'idar wurin aikinta tun tana da ciki, ta kuma nemi a haɗa mata hutun shekara da na haihuwa. In wurin aiki kusa ne, a riƙa kai mata yaron. In da nisa, ta wanke hannu da sabulu, ta tatsi nono cikin kofi mai tsabta mai murfi. A wuri mai sanyi yakan kai sa'a 4, da bazara kuwa kada a bari ya kai haka. A firji da wutarsa ba ta yankewa yakan kai kwana 4. A ba yaro da ƙaramin kofi, gama bulumboti wuyar wankewa gare shi. Ta shayar kafin ta fita, ta shayar da ta komo, da dare kuma ta ci gaba. Mai karatu a makaranta ita ma haka za ta yi.

6. Bayan wata shida

Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi abinci sau 2 ko 3 a rana. Daga wata 9 zuwa gaba, sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa tsakani. Koko tsararo, wanda ke zuba daga cokali kamar ruwa, ba ya gina jiki, shi ke kai yara ga tamowa. A dama shi da kauri, a sa garin gyaɗa ko na waken soya, da ɗan man ja. A ƙara da ƙwai dafaffe, da wake, da kabewa, da zogale, da kifi da aka cire wa ƙaya, da hanta. Kada a ba shi zuma sai ya cika shekara 1.

Da yaro ya fara rarrafe, sai ka zaga gidanka da idon yaro. Masu rinin zamani da masu yin sabulu a gida suna aiki da soda. In an narka ta, kamar ruwa take a ido, amma kurɓi ɗaya na ƙone maƙogwaron yaro. A ajiye ta sama, a kulle, kada a zuba ta a robar ruwan sha. Haka kananzir, da allura, da almakashi. A rufe rijiya, a kife bokiti, a kange murhu.

7. Aikin maigida

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga naka rabo.

Na ɗaya, cefane. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai shayarwa na bukatar ƙarin ci kamar sau 2 a kan na kullum. Kada nama ya ƙare da ragon suna.

Na biyu, kada ka jingina cefanen gida a kan cinikinta cikin wata shidan nan. In adashi ya zagayo ba ta da shi, zuba mata. Ko rance ne, ya fi arha bisa kuɗin madarar gwangwani da na magani.

Na uku, ruwa da itace ko gawayi, ka tabbata sun iso gida ba da ƙarfinta ba.

Na huɗu, katin rigakafi. Ana yi ran haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, da wata 9, da wata 15. Yanzu da ka iya karatu, kai ne za ka duba ranar a kati. Ka tuna cutar mashaƙo da ta ɓarke a 2022 da 2023, Kano ce ta fi jin jiki, ga shi kuwa tana cikin cututtukan da allurar mako 6, 10 da 14 ke karewa. Rigakafi ya fi magani.

Na biyar, mai reno. Kada a cire yarinya daga makaranta don ta yi goyo ko talla. Ka gyara ɗaya ka ɓata ɗaya ke nan. A nemi babba.

Na shida, tazara. Likitoci sun ba da shawara a sami wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki. Kwanika na gajiyar da uwa, ta sa a yaye yaro ba shiri, ta kuma kashe sana'a. Ku je asibiti tare ku ji bayani.

Na bakwai, ɗauki ɗanka. Yi masa wasa, yi masa magana, ko da uwar ta sami barcin sa'a guda. Wannan ba ya rage girman namiji.

To, ka ji. Mai ciniki in ya tafi yakan komo, jari in ya karye akan tayar da shi, amma watannin farko na yaro in sun wuce ba su komowa. A sa goyo gaba, sana'a ta biyo baya hawa-hawa, kai kuma ka tallafa. Allah ya raya mana zuriya.

Tambayoyi

1. Mene ne dakashi, me ya sa ba a zubar da shi?
2. Faɗi hasara uku da ruwa ke yi wa jaririn da bai kai wata 6 ba.
3. Daga wata nawa zuwa wata nawa yaro mai lafiya kan fara tafiya?
4. Mako nawa ne tsakanin ƙarewar hutun doka da cikar yaro wata 6?
5. Rubuta sana'ar matarka, sa'an nan ka rubuta abin da za ta yi a kowane hawa daga cikin ukun nan.